Mai Kawuna da Murmushin da Ya Karkace

Kafin mai gadi ya gama kurɓar shayinsa na safe, Baba Mai Kawuna ya riga ya jingine kekensa a bangon ma'aikatar fim, ya buɗe ɗan ɗakinsa na ƙarshen baranda. Ba wuƙa yake fara taɓawa ba. Sai ya share garin katakon jiya, ya goge madubin da ke rataye saman teburinsa da hannun riga, sannan ya bi kantoci da ido yana gaida mutanensa. Mutanen nan nasa kawuna ne na itace, kowanne bai fi ƙwan kaza ba, a jere reras har kusa da rufi. Baƙon da ya leƙa karon farko yakan ja da baya, don babu daɗi mutum ya ga idanu birjik suna kallonsa, ba wuya ba gangar jiki. Baba kan ce ai su ne kaɗai ma'aikatan gidan nan da ba sa makara.

Ga wanda bai san sana'ar ba, fim ɗin 'yan tsana aikin haƙuri ne. A tsayar da ɗan tsana a kan ƙaramin dandali, a ɗauki hoto, a ɗan motsa hannunsa, a sake ɗauka, har hotunan su taru su zama tafiya. Sai dai itace ba ya murmushi. In ana son fuska ta canza, dole a zare kan daga ƙusarsa a kafa wani. Saboda haka ɗan tsana guda yana da kan fushi, da na mamaki, da na kuka, da duk waɗanda ke tsakani, kuma tilas su yi kama kamar an tsaga kara. Baba ne ke sassaƙa su, tare da kujeru da butoci masu girman ɗan yatsa. Yaran da suka tashi suna kallon Gajere, ɗan tsanar nan mai sanƙo da ke gyaran keke, yau su ke kai nasu yaran makaranta, amma ba su taɓa jin labarin wanda ya yi masa fuska ba.

Baba ba ya awo, ba ya zane a takarda. Fuskar da ake so zai yi da tasa fuskar, ya riƙe ta. Gira da idanu yana ganinsu a madubi, amma bakinsa ya daɗe da ɓacewa cikin gemu da gashin baki, don haka sai ya cusa yatsun hagu ciki yana laluben inda kunci ya tashi da inda leɓe ya ja, hannun dama kuma yana bi da wuƙa. Wata sabuwar mai shara ta taɓa hango shi ta taga, dattijo shi kaɗai yana washe wa guntun itace baki, ta je ta ce wa darakta a asirce ya kamata a duba tsohon nan.

Kai ne, Baba, ranar da rufi ya yi yoyo, aka same ka da singileti kana karkarwa, babbar rigarka kuwa tana lulluɓe da kantar kawunan. Kai ne ka sake wa Gajere kan kuka bayan kowa ya ce ya yi, don ka ce wannan kukan na mai neman a tausaya masa ne, ba na wanda abu ya ci wa rai ba. Mai wuƙar da ba ta ƙarya, abin da ya sa nake jinjina maka yau ya fi waɗannan nauyi, kuma har yanzu in na tuna shi gabana faɗuwa yake.

Fim na ƙarshe ne kafin Baba ya ajiye aiki. A ƙarshen labarin, Gajere zai hango 'yarsa da ta ɓace masa a tasha, ya yi murmushi. Kan murmushin nan kaɗai ya rage. Wata safiya Baba ya tashi da ciwon kai, harshensa ya yi masa nauyi, shayi ya ɗan zubo masa a gemu. Kafin rana ta take abin ya lafa, sai ya ce gajiya ce. Ya zauna, ya yi murmushinsa, ya lalubo shi, ya sassaƙa. Da ya ɗaga kan a haske, sai ya ga gefen bakin Gajere na hagu ya zube ƙasa. Ya ɗora wa itacen laifi, ya jefa shi cikin garin katako, ya ɗauko wani. Wannan ma haka ya fito.

A nan ne tsoro ya shige shi, don ya san bakin nan. Haka bakin mahaifinsa ya fara karkacewa, daga baya ɓarin jikinsa ya shanye, ya yi shekaru a kwance ana ba shi ruwa a baki. Baba ya dubi hannunsa na dama, ya buɗe shi, ya dunƙule. Mutuwa ba ta ba shi tsoro kamar ya ga hannun nan a yashe kan shimfiɗa kamar na wani. Da ya ɗaga gashin bakinsa a gaban madubi da ya ga komai, amma ya kasa. Ya tashi ya juya madubin ya kalli bango.

Bai gaya wa kowa ba. A gida ya rage magana, ya koma cin abinci yana ba mutane baya, matarsa ta ɗauka zullumin barin aiki ne ke cinsa, har tana yi masa tsiya wai tsoho zai rabu da 'ya'yansa na katako. A wurin aiki ya gwada abin da bai taɓa yi ba, ya ari ma'auni ya daidaita gefen bakin biyu. Kan ya fito sumul, amma ba rai a cikinsa, kamar fuskar da aka yi wa wankan gawa. Bai iya miƙa wannan ba. Ya tono karkataccen daga cikin garin katako, ya goge shi da samfefa, ya yi masa fenti, ya sa a akwatin da ake kai wa ɗakin ɗauka. Ya rufe akwatin, kuma shi kansa bai san ko so yake a gane ko kada a gane ba.

Wadda ke motsa 'yan tsanar, da kowa ke kira Anti Sannu-Sannu saboda yanayin aikinta, ita ta kafa kan a wuyan Gajere. Abin da yake ɗan ƙanƙani a tafin hannu, a babban allo sai ya cika ido. Darakta ya ce ba komai, shekaru ne, a mayar wa Baba ya gyara cikin mutunci. Ita kuwa ta tsaya ƙyam tana kallon allon. Tun tana sabuwar zuwa take kafa kawunan mutumin nan, kuma ba ta taɓa ganin wuƙarsa ta faɗi abin da fuskarsa ba ta faɗa ba. Ta ajiye komai ta nufi ƙarshen baranda. Abin da ta fara gani shi ne bayan madubi.

"Baba, yi mini murmushi," in ji ta.

Ya ce mata aiki yake, ta je ta dawo. Bai ɗago ba.

"Baba, don girman Allah."

Ya ɗaga kai. Ya yi ƙoƙari, ta gani, amma ɓari ɗaya kawai na gashin bakinsa ya motsa. Ba ta yi ihu ba. Ta zare wuƙar daga hannunsa a hankali, ta ƙwala wa direba kira.

Likita bai ɓoye musu ba. Ya ce hawan jini ne, ƙaramar shanyewa ta riga ta zo ta wuce, kuma irinta sau da yawa babba take yi wa share fage. Ya ce an yi sa'ar zuwa, sai dai shi ba zai yi alkawarin komai ba. Matar Baba ta iso asibiti sanye da silifa wari biyu, ɗaya nata ɗaya nasa. Ta yi masa faɗan da bai taɓa sha ba tun aurensu, sannan ta fita baranda ta yi kukanta. Daga ranar dariya ta ƙaura daga gidan. In cokali ya faɗi sai ta zabura. In ya kishingiɗa da rana, sai ta ajiye wanki ta zo ta tsaya a kansa tana kallon numfashinsa.

Da ya ɗan murmure, ya nace sai ya ƙarasa wa Gajere murmushinsa. Likita ya yarda, muddin a gida ne, a zaune, ba gaggawa. Aka kawo masa wuƙaƙensa. To, amma murmushin ba ya fuskarsa kuma, shi kuwa bai taɓa aron fuskar kowa ba. Ya zauna da guntun itace a hannu har rana ta ɗaga, sannan ya kira matarsa.

"Tsohuwa, ara mini fuskarki."

"Me za ka yi da ita, Malam? Duk ta yamutse."

Ta zauna dai. Ya ɗora yatsun hagu a kuncinta, ya ji shi jiƙe. Ya ce ta yi murmushi, ta ce ba ta da shi. Bai matsa mata ba. Can sai ya tambaye ta, da nauyin harshensa, ko ta gama da warin silifansa, don ya ji labari duk asibiti an san ƙafarsa ta fi tata kyau. Dariya ta ƙwace mata, hawaye bai tsaya ba, yatsunsa kuma suka kama abin tun bai gudu ba. Ya ce ta riƙe haka. Daga baya ta gaya wa Anti Sannu-Sannu cewa duk zaman nan idonta na kan hannunsa na dama, bakinta a washe, zuciyarta kuwa sai roƙon Allah take kada ta ga wuƙar ta suɓuce. Wuƙar ba ta suɓuce ba.

Aka kafa kan a wuyan Gajere aka haska. Bakin a daidai yake, amma akwai wani ɗan ja a ƙasan leɓen, irin na wanda bai gama yarda cewa abin ya wuce ba. Darakta ya yi niyyar faffaɗan murmushi ne. Ya kalla, ya sake kallo, ya ce a bar shi, haka uban da ya ga 'yarsa a tasha yake yi.

Yau Baba ya ajiye aiki. Daga duk kawunan da ke kantocin nan, karkataccen kaɗai ya roƙa a ba shi, yana nan a tagar ɗakinsa kusa da kwalbar magani. Mun gode, Baba Mai Kawuna. Kai ne tsoro ya sa ka juya madubi, amma bai iya sa hannunka ya miƙa ƙarya ba, kuma gaskiyar hannun nan ce ta kai ka gaban likita da ƙafarka. Masu sana'a, ku koyi wannan a wurinsa: aiki ya faɗi abin da ke nan, ko da mai shi yana jin tsoron ji. Mu kuma da muke cin moriyar irinsu, mu riƙa ɗaga ido daga kan aikin mu dubi fuskar mai yinsa.

Tsoron bai bar gidan ba, kuma ba zan ce muku ya bari ba. Kowace safiya, kafin ta ɗora ruwan shayi, matarsa takan tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Malam, yi mini murmushi." Sai ta ga ɓarin gashin bakin nan ya ɗaga, ta ga hannun dama ya ɗago mata, sannan take iya kunna wuta.