Gwiwar Kibor

Kiptarus arap Maswai bai taɓa cin gasar gudu ba. A ƙasar ƙabilarsu ta Nandi wannan ba abin magana ba ne, don kusan kowane gida akwai wanda ya yi gudu da ƙuruciya, ya dawo ya kama shanu. Shi ma haka ya yi. Ya gaji gonar ganyen shayi da 'yan shanu, ya auri Jesang, ya ajiye teɓa, takalman gudunsa suka koma na shiga garke.

Mutuwar wansa Kimagut ce ta mayar da shi kan hanya. Kimagut direban babbar mota ne, mai jiki. Wata safiya yana zaune bakin ƙofa da gorar kindirmo a hannu, ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi, kafin a samo mota ya cika. Mahaifinsu ma a zaune ya tafi. Kiptarus ya duba wannan ya duba wancan, ya yanke a ransa cewa abin da ke bin gidansu mazauna yake kamawa. Ya haura hamsin a lokacin.

Tun daga nan kullum da sassafe, kafin tatsa, yana cikin dattawan da ke gudu a kan jar turɓayar da ta ratsa gonakin shayi ta hau tudun Cheptabach. Samarin sansanin horon 'yan gudu sukan wuce su kamar iska, su ɗaga hannu don ladabi. A gefensa koyaushe akwai Kibor, mai gyaran babur. Tare aka yi musu kaciya a daji, tare suka tsaya gaban wuƙa ba wanda ya ƙifta ido, shi ya sa ba sa kiran juna da suna, sai bakule. Wanda ka yi irin wannan tsayuwa da shi, ba ka ce masa wani wuri na yi maka ciwo.

Shekaru suka tafi lafiya, teɓar ta zube. Sai a daminar bara abin ya zo, a tsakiyar tudun. Kamar an ɗora masa buhun masara a ƙirji, nauyin ya gangara hannun hagu, ya taɓo haƙora. Ya durƙusa ya kama igiyar takalmi, kamar yadda kowa ke yi a wurin idan yana neman numfashi. Ba a waiwayar mai ɗaurin takalmi. Kafin ya miƙe nauyin ya saki.

Washegari ya dawo, a wuri ɗaya, daidai wani itacen turare da ya karkata.

Kiptarus ya gane baƙon. Bai faɗa wa Jesang ba. Abin da zuciyarsa ta ba shi shi ne, abin nan ya fara cim masa ne saboda gudun ya yi kaɗan, don haka ya ƙara. Ya riƙa fita da yamma ma, shi kaɗai, ta hanyar da ba gidaje. Yana tsoron tudun, yana kuma tsoron ranar da bai hau shi ba.

Masu gudu tare ba sa kallon juna, amma sun san numfashin juna. Wata rana da ya sake durƙusawa, Kibor ya tsaya a kansa.

"Bakule, wannan igiya taka da tudun nan akwai tsohuwar gaba. Ko in saya maka takalmin roba irin na 'yan tatsa?"

"Ka kula da ƙafafunka masu kama da sandar kiwo," in ji Kiptarus, kansa a ƙasa, don kada a ga fuskarsa.

A satin Kibor ya fara ɗingishi. Ya ce gwiwa ce, ya yi ta mita a gaban kowa, abin da ba a san shi da shi ba, har dattawa na yi masa dariya cewa tsufa ya fara da shi ta ƙasa. Daga baya ya je gidan Kiptarus ya roƙe shi ya raka shi asibiti a Eldoret. Ya ce idan ya tafi da matarsa za ta cika likita da labarin duwatsun da ya faɗa kansu tun yana yaro.

Suka je. Kibor ya shiga, ya daɗe fiye da yadda gwiwa ke buƙata. Da ya fito bai haɗa ido da Kiptarus ba.

"Likitar tana son ganin wanda ya rako ni."

Likitar ba ta wuce sa'ar 'yar Kiptarus ta fari ba. Ba ta tambaye shi ko yana jin ciwo ba, mai yiwuwa an gaya mata amsar da za ta samu. Cewa ta yi, "Baba, a daidai ina ne a kan tudun?"

Ya ce akwai wani itace da ya karkata. Ya dunƙule hannu ya ɗora a ƙirji.

Aka manna masa wayoyi, aka ɗebi jini. Ta ce alamu sun nuna wata jijiyar zuciya ta tsuke, sai an leƙa ciki a wata mai zuwa kafin a san iyakar abin. Ta ba shi magani, har da wanda ake sawa ƙarƙashin harshe. Ta hana gudu, ta hana tudu, ta yarda da tafiya a shimfiɗaɗɗen wuri, kuma ba shi kaɗai ba. Ya gaya mata yadda wansa da mahaifinsa suka tafi, ya tambaya ko tsayawar ba ita ce za ta ba abin dama ba. Ta ce tudun ne ke ba shi dama. Ya nemi ta tabbatar masa zai kai watan goben. Ta ce idan ya bi maganarta tana sa rai.

Kibor da ya fito asibiti yana taku garau, suna sauka a tashar ƙauye ɗingishin ya dawo.

Yanzu da safe ana ganinsu a hanyar bakin rafi, suna tafe a hankali. Mutane na yi wa Kibor sannu da gwiwa, suna yaba wa Kiptarus da ya bar gudunsa don bakulensa. Shi kuwa kunnensa na kan ƙirjinsa, hannunsa a aljihu, riƙe da 'yar kwalbar maganin.

Jesang ya gaya wa, ita kaɗai, suna tatsa. Ba ta ɗago daga gindin saniyar ba. Ranar komawa asibiti na matsowa, ta wanke kwat ɗinsa na zuwa coci ta rataye a bayan ƙofa, ba wanda ya ce ta yi.