Ƙahonin Saniyar Dado

Duk wanda ya san Lantana a Ollelewa ya san ta da furarta, ya kuma san ta da ƙyanƙyami. Ƴar Falanko ce, aure ya kawo ta nan shekara ashirin da bakwai da suka wuce, kuma tun zuwanta ba a taɓa ganin ƙuda ya sauka a bakin ƙwaryarta ya tashi lafiya ba. Mace ce da za ta wanke ludayi, ta ɗaga shi ta duba, ta sake wankewa. In maƙwabciya ta aiko mata da tuwo sai ta yi godiya da kyau, ta tambayi lafiyar yara, sannan ta zagaya bayan rumbu ta juye wa kaji. To, wannan matar ce Allah ya haɗa da Tanko.

Tanko ba mugu ba ne, kada a ɗauki alhakinsa. Ciwonsa ɗaya, shi ya san gobe. Aikinsa a kasuwar shanu ta Bakin Birji bai wuce riƙe wa dillalai igiya da tura shanu cikin manyan motocin nan kamyo ba, amma in ya zauna a rumfa ya fara faɗin irin shanun da za su ci kasuwa baɗi, sai ka rantse shi ake tambaya kafin a yanka nama a Kano. Wata shekara ya ce zamanin shanun azawak ya zo, ya ɗauki jakin gidan ya musanya da wani ɗan maraƙi da aka ce masa azawak ne. Abin ya ci dusa shekara uku, ya tsaya bai fi jakin tsawo ba. Wata shekara kuma ya dawo da labarin shanun tafkin Cadi masu son kwanciya cikin ruwa, ya ce su ne za su cika Damargu. Damargu fa, inda ake jan guga har hannu ya yi kanta kafin a jiƙa maƙogwaro! Lantana ta daɗe da daina musu da shi. In ya fara sai ta ce, “To, Malam,” ta ci gaba da dakanta.

Abu guda ta hana shi kusanta a gidan, wato jar saniyar da ake kira Woɗe.

Woɗe ba tasu ba ce, ta Dado ce. Dado Bafillatana ce, cikin Bororon da ke yin damina can arewa da Tenhiya, su gangaro da kaka su sauka a gonaki in an kwashe gero. Wata shekarar fari naƙuda ta kama ta a bakin rijiyar garin da ƙwaryar nono a ka, Lantana ta ja ta zuwa ɗakinta, ta yi mata ruwan zafi kwana tara. Dado ba ta yi doguwar godiya ba, su ba sa yi. Sai da shekaru suka wuce, wata kaka, ta iso ƙofar gida da jar karsana a bayanta, ta miƙa wa Lantana igiya ta ce habbanaye ce.

Habbanaye aro ne irin na Fulani. A ba ka karsana ka riƙe, ta haifa maka sau uku, maruƙan naka ne, uwar kuma ka mayar wa mai ita yadda ka karɓa. Ba takarda, ba shaida. Ba a dukanta, ba a ɗaura mata amalanke, ka fi tattalinta a kan taka. Ba kasafai suke ba wanda ba nasu ba, balle mai fura. Lantana ta san abin da aka ɗora mata, kuma a duk rayuwarta babu abin da take alfahari da shi kamar wannan yardar.

Shekara bakwai tana riƙe da ita. Ƙahonin Woɗe suka fito farare tas, suka buɗe sama, har sai da Lantana ta sa aka faɗaɗa ƙofar darni don kada su goge. Duk Juma’a tana shafa musu man shanu. Maraƙin fari ya zama san amalankensu, na biyu shi ya yi wa ƴarta Hafsat kayan ɗaki, ta uku mace ce, an yaye ta da bazara. Saura kawai kaka ta yi, a mayar wa Dado da abinta. Lantana har ta tufka sabuwar igiya, ta ajiye kanwa cikin ƙwarya don tukuici.

A daminar nan ne Tanko ya gano bokolo, shanun nan masu ɗan guntun ƙaho da jiki kamar buhu.

“Ke ba ki zuwa kasuwa, ba ki san inda duniya ta nufa ba,” ya ce mata tana tankaɗe. “Mutanen kudu nama suke ci, ba ƙaho ba. Kamyon da ke ɗaukar jajaye ashirin, in bokolo ne sai ya ɗauki talatin, ba mai soke wani. Ki ba shi shekara biyar, wanda ke da dogon ƙaho a gida sai dai ya rataya riga.”

“To, Malam.”

“Kuma ana yi mini dariya a rumfa. Wai ni mai wa’azin bokolo, ga itacen gawo a tsakar gidana.”

“Bisar mutane ce, Malam. Saura wata uku ta tafi gidansu, ka huta.”

Abin haushin shi ne, a wannan karon mai yiwuwa ma gaskiya ya faɗa. Mutum ya yi shekara ashirin yana hasashe, dole wata rana ya dace.

Ana cikin haka Hafsat ta haihu a Tanut, Lantana ta tafi wankan jego. Ta bar wa Tanko harawa, ta bar dusa, ta nuna masa kwamin da ake ba Woɗe ruwa, ta sake nuna masa. Kwana goma sha shida ta yi.

Ran da ta dawo, tun daga ƙofar darni wari ya tare ta, wari irin na mushen da ya kwana biyu a rana. Ta ajiye ƙunshinta ta bi shi har turke. Wata saniya ta gani tsaye, kai a ƙasa, ƙudaje sun rufe mata goshi baƙi ƙirin. Da farko ba ta gane ta ba. Sai da bisar ta ɗago ta yi mata ƙaramin kukan nan da ta saba, sannan Lantana ta ga inda ƙahoni suke a da. Dungu biyu ne, an yanke su da zarto dab da kai, an cusa tsumma. Ta ja tsumman ɗaya. Tsutsotsi suka zubo mata a hannu, farare, masu ƙiba, suna motsi cikin mugunya.

Nan ta durƙusa ta amayar da duk abin da ta ci a hanya.

Tanko ya fito yana sakace, ya yi mata bayani dalla-dalla, don shi a ganinsa dabara ya yi. Woɗe ta nemi bijimi ranar Laraba. Akwai wani Alhaji a Bakin Birji mai bijimin bokolo. Neman saniya kuwa yini ɗaya ne, in an bi da ita a ƙasa ya wuce, dole sai mota. Motar da ya samu ƙarama ce mai ƙarafa a baya, ƙahonin suka ƙi shiga, an juya ta ta nan an juya ta ta can. Sai wani mahauci da ke wurin ya ce yana da zarto.

“Ki duba lissafin,” in ji Tanko. “Fulani akwai kunya. In suka zo suka tarar tana da ciki, ba za su iya karɓa ba sai ta haihu. Kin ga mun samu na huɗu, kuma ɗan bokolo. Su ma ai mun rage musu kaya.”

“Ta ɗauki cikin?”

Ya sosa ƙeya. Ashe ko tsayawa ba ta yi wa bijimin ba. Jini na zuba mata a ido, wa ke ta wani bijimi?

Lantana ta dube shi, ta dubi bakin da ke sakacen, ta ji warinsa ya fi na turken. Shekara ashirin da bakwai tana wanke masa kwano sau biyu, ashe ƙazantar ba a kwanon take ba.

Likitan bisashe ya zo ya fesa shuɗin magani, ya yi tsaki ya tafi. Sauran aikin ita ta yi. Safe da yamma tana zaune da tsinke, tana zaƙulo tsutsa ɗaya-ɗaya daga cikin ramin ƙahon, tana wankewa da ruwan gishiri, Woɗe na rawar jiki tana jingina kai a cinyarta. Ta daina yin fura, don ko ta wanke hannu sau nawa ba ta iya yarda ta sa shi cikin abin da mutane za su sha. Masu saye suka yi ta aike har suka gaji. Ta rame, saniyar ta rame, amma ciwon ya kame.

Ta yi tunanin ƙarya, kada a ce ba ta yi ba. A ce ta faɗa rami? A ce faɗa suka yi da wani sa? Ƙaho ɗaya ke karyewa, kuma ba ya karyewa sumul kamar an yanka rake. Wadda za ta yi wa ƙaryar ma an haife ta ne a gindin saniya.

Kaka ta yi, aka kwashe gero, su Dado suka sauka a gonar gabas da gari. Lantana ba ta jira an zo ba. Da hantsi ta ɗaura wa Woɗe sabuwar igiyar, ta ɗauki ƙwaryar kanwa, ta bi ta tsakiyar gari kowa na kallo.

Tun daga nesa Woɗe ta ji ƙamshin garke, ta fizge igiya ta ruga. Jajayen shanu suka kewaye ta suna shinshina. Wata babba ta kaɗa mata ƙaho, irin gwajin da suke yi wa baƙuwa. Woɗe ta sunkuyar da kai za ta rama yadda ta saba, babu abin ramawa. Aka zunguro ta a haƙarƙari, wata ta ƙara mata ta baya. Ta juyo da gudu ta ɓuya a bayan Lantana tana haki.

Dado na tsaye duk ta gani. Ta tako a hankali, ta gaida Lantana, ta tambayi gida, ta tambayi mai jego da jariri, ba ta tsallake komai ba. Sannan ta ɗora tafin hannu a kan dungun ƙahon, ta daɗe a haka. Ba ta tambayi wa ya yi ba.

“Kakarta ce ta shayar da ni,” ta ce. “Da ƙahon nan ake gane gidansu.”

“Ƙawa, ba na nan aka yi. Amma a hannuna take, laifina ne. Ki faɗa mini duk abin da ke bakinki.”

Da Dado ta zage ta, da ta tofa mata yawu, wallahi da Lantana ta ji sanyi. Amma sai Dado ta tsugunna ta ɗauki bakin igiyar daga ƙasa, ta kaɗe ƙurar, ta sa mata a hannu.

“Wannan ba ta shan ruwa a rijiyarmu. Kafin ta kai kwami sun kashe ta. Ki tafi da ita.”

“Har yaushe?”

“Ki tafi da ita dai, Lantana.”

Tun da suka san juna Dado ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai dai ƙawa. Ta juya ta koma wajen ƙorenta, ba ta waiwayo ba.

Lantana ta komo gida da saniya a baya, kanwar na nan a kanta. Tanko na zaune a inuwar darni. Da ya hango su sai ya miƙe, fuskar nan ta washe.

“An bar mana ita? Ɗungurungum? Kai, Allah mai iko! Ko cikin ma babu, amma dubi. Ke da kike ta kumbure-kumbure, yanzu wa ya ci riba?”

Lantana ta wuce shi, ta ɗaure Woɗe a turke, ta zuba mata ruwa. Sai da ta ga ta sa baki, sannan ta juyo.

“Ba ba mu ita aka yi ba, Malam,” ta ce. “Ƙin karɓa aka yi.”