Sifikar da Baba Ya Ɗaura a Kwale-kwalensa

Jiya na kai wa Baba abinci bakin dam, sai na ji karatun Alƙur'ani yana tashi daga kwale-kwalensa. Ashe sifika ya ɗaure a gaban jirgin da roba, ya sa batirin cikin bokitin fenti saboda ruwa.

Da na matso, sai na ji muryata ce. Haddar da na ɗauka ce a wayar Inna don musabaƙar Islamiyyarmu. Na riga na roƙi Malam ya cire sunana, saboda in na ga taro murya maƙale min take yi.

Kawu Sale, abokin kamun kifinsa, ya ce, "Audu, kwana uku kana sa mana karatun nan, har kifaye sun haddace. Wai wace malama ce?"

Baba bai ɗago daga gyaran komarsa ba. Ya ce, "Wata yarinya ce a gidanmu."

Ni ce 'yar farinsa. Bai taɓa kiran sunana ba, balle ya yabe ni a gaban mutane.

Yau na koma wurin Malam na ce a bar sunana. Allah Ya saka wa Baba da alheri.

Ku naku iyayen, ta yaya kuke gane sun ji daɗinku?