Tofi a Kan Teburan Aji Biyu

Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ƙarar takalmi mai tsini ce a kan tayil ɗin baranda. Na ji ta sarai, amma ban ɗago ba, don na ɗauka sakatariya ce za ta wuce ofis. Ina sunkuye a kan ƙaramin teburin da ke kusa da taga, tafin hannuna a kan katakon, leɓuna suna motsi. Na gama addu'a, na tofa a hankali, sannan na lura ƙarar ta tsaya.

Wata mata ce a bakin ƙofa, riƙe da hannun 'yarta. Yarinyar ɗalibata ce, kuma teburin nan nata ne.

Litinin ce, a zangona na farko na koyarwa, a wata makarantar kuɗi da ke Utako. An ɗauke ni aikin gwaji, aka ba ni aji biyu na firamare. Tun makon farko na ji labarin wadda na gada: uwa ɗaya ce ta kai ƙararta, washegari aka sallame ta. A irin makarantun nan iyaye ne masu gari. Ni kuwa ina zaune a Kurudu wurin gwaggona, a ɗaki ɗaya, kuma na yi shekaru da takardar digiri a ƙasan akwati kafin wannan aikin ya samu.

Tsorona yakan fara ne tun la'asar ɗin Lahadi. Da inuwar katanga ta kai bakin rariya sai ya sauko mini. Don haka na yi wa kaina 'yan al'adu. Nakan goge mayafan mako duka, in jera su a kan gado, in turara su da turaren wuta. Shuɗi na Litinin ne, domin shuɗi ba ya hayaniya. Bayan asuba in zuba kunun gyaɗa a filas, in fita tun kafin layin mota ya yi tsawo, don in samu kujerar taga. Daga Karu zuwa Nyanya motoci sukan cushe, masu talla su yi ta ratsawa da burodi da ruwan leda, ni kuma in kafa ido a kan duwatsun da ke gaba har hasken safiya ya sauko musu.

Amma babbar al'adar tana cikin aji. Nakan riga kowa zuwa. In buɗe tagogi, in share allo, sannan in bi teburan ɗaya bayan ɗaya. In ɗora hannu, in ambaci sunan mai wurin, in karanta addu'ar tsari, in ɗan tofa. Haka mahaifiyata take yi mini a ka kafin in tafi makaranta ina ƙarama, iska ce kawai mai ɗan sanyi a goshi. Idan na kai teburin ƙarshe sai in ji ajin ya zama ɗakin da na sani, yaran kuma ba alƙalai ba ne, yara ne. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina yadda abin zai kasance a idon wanda bai tashi da shi ba.

Matar da ke bakin ƙofa ta shigo. Ta gaishe ni da Turanci, na amsa da muryar da ban gane ba. Ta buɗe jakarta, ta zaro hankici, ta goge teburin tun daga wannan kusurwa har waccan, ta goge kujerar. Sannan ta naɗe hankicin da yatsu biyu, ta kama hannun 'yarta, suka fita tare. Sai bayan an tashi daga asambuli yarinyar ta dawo, da ƙaramin gicciyenta a waje, a kan riga. Da a ciki take saka shi.

Ranar ban san abin da na koyar ba. Duk inuwar da ta gifta taga sai alƙalamin allo ya kusa suɓuce mini.

Lokacin tara na leƙa ajin da ke kusa da nawa. Malamar ajin 'yar Filato ce, ta girme ni sosai, muna ce mata Anti. Tana cin gwate a kwano, ta dube ni ta ajiye cokali.

"Ke kuma wa ya mutu?"

Na ba ta labari ina raɗa. Ta ce, "Tofi? Da yawu?"

"Ba yawu, Anti. Iska ce."

"Ni na sani, na zauna da mutanenku. Ita ta sani?" Ta jawo durowa ta nuna mini wata 'yar kwalba. "Man zaitun ne, fastonmu ya sa masa albarka. Kullum sai na shafa a saman ƙofar nan. Amma ni, 'yar nan, sai na duba hagu na duba dama. Ke kin sunkuya kamar mai shuka gyaɗa."

"Me za ta ce na yi?"

"Abin da kike tsoro shi za ta ce. Ci gwate."

Ban iya ci ba. Kalmar da Anti ba ta furta ba ita ta bi ni har mota: asiri. Malamar da ke yi wa 'ya'yan mutane asiri. Iyayen ajin suna da zaurensu a waya, kuma na san magana irin wannan ba ta tsayawa a makaranta ɗaya. Ba aikin kaɗai zan rasa ba, har sunana.

Gwaggo tana tankaɗe lokacin da na faɗa mata. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Yau kuma addu'a ce ta zama laifi? Da zaginsu kika yi ai da sauƙi ke nan."

"Gwaggo, ba su san shi ba."

"To su tambaya mana. Ba su da baki? Wanke hannu ki zo ki kama mini tuƙi."

Talata na zo da wuri kamar kullum, na buɗe tagogi, na tsaya a tsakiyar aji hannuwana a naɗe cikin mayafi. Ban taɓa ko tebur ɗaya ba. Ajin ya yi mini faɗi, ya yi sanyi, kamar ɗakin jira a asibiti. Yaran suka shigo, na ga kamar kowannensu ya zo da saƙo daga gida. Da wata ta ce, "Malama, ba ki da lafiya?" sai na yi sauri na juya wajen allo. Laraba da Alhamis ma haka. Kunu ya riƙa komawa gida a filas yadda ya zo. Babu wanda ya kira ni, kuma rashin kiran ya fi kiran ciwo.

Ranar Juma'a, bayan an tashi, sakatariya ta ce Madam tana nemana.

Madam ita ce mai makarantar. Doguwa ce, ba ta ɗaga murya, kuma ban taɓa ganin haƙoranta ba. Turanci take yi da kowa, amma ranar sai ta juya zuwa Hausarta ta 'yan Abuja, wadda mace da namiji duk "kai" ne.

"Malama, zauna. Mene ne kana yi wa tebur na yara?"

Na yi bayani. Na ambaci mahaifiyata, na ambaci goshi, na ce addu'a ce ta neman tsari, ba komai a cikinta sai alheri. Maganar tana fita a gutsure. Na'urar sanyaya ɗaki tana ta huci a kaina, amma bayana ya jiƙe.

Ta ture takardun gabanta gefe, ta buga teburinta da yatsa.

"Yi a nan. Ina so na gani."

Na miƙe. Na ɗora hannu a kan gilashin teburin. Addu'ar da na haddace tun ban iya ɗaura zani ba ta ɓace mini ɗif. Na rufe ido har farkonta ya dawo, na bi ta a hankali. Da na zo tofawa bakina ya bushe ƙamas, abin da ya fita bai kai numfashin jariri ba.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Madam."

Ta daɗe tana kallon gilashin. Sannan ta ce, "Kar ka sake yi a aji. Yi a gida, yi a mota. Je ka."

Ba ta ce na tsira ba, ba ta ce ban tsira ba. Haka na ƙarasa zangon, kowace Juma'a ina jiran sakatariya ta leƙo. Sunayen yaran kuwa na mayar da su mota. Da mun shiga cunkoson Nyanya sai in fara daga layin gaba, in bi su a zuci tebur bayan tebur, in tofa a tafin hannuna kamar mai jin sanyi. Bai kai na aji daɗi ba, amma yakan kai ni bakin get.

Da aka dawo hutu aka tabbatar mini da aikin. Teburin kusa da taga kuwa babu kowa. Sakatariya ta ce an yi wa uban yarinyar canjin wurin aiki zuwa wajen Kwali, hanya ta yi musu nisa. Na yarda, har na ji kewarta.

Shekaru bayan haka, na riga na koma wata makarantar, na haɗu da Anti a kasuwar Utako tana taya doya. Muna cikin hirar da, sai ta ce ai iyayen yarinyar nan ba inda suka koma. Uwar ta je ofis tun a ranar Litinin ɗin, ta ce a zaɓa, ko ni ko 'ya'yanta. Madam ta nemi a ba ta zuwa Juma'a, kuma bayan na fita daga ofis ta kira matar ta ce malamar tana nan. A ƙarshen zango uwar ta kwashe yarinyar da ƙannenta biyu, ta kai su wata makaranta a bayan layin tsohuwar makarantarmu.