Muryar da Halliru Ya Ara wa Kantoma

Halliru mutumin yankin Fulatan ne, kuma duk rugarsu shi kaɗai ya gama firamare. Da Fulatancinsa da Hausarsa da ɗan Turancin da ya tsinta ya samu aikin masinja a sakatariyar Ƙaraye. Mutum ne mai sanyin murya, irin ta mahaifiyarsa Turai.

A 1987, zamanin soja, kantoma ya tara makiyaya a Falgore, ya ɗauki Halliru ya yi masa tafinta. Kantoman bai ɗaga murya ba. Turanci yake yi ƙasa-ƙasa, yana datse kowace magana kamar mai rufe ƙofa: gwamnati tana bukatar filin kiwon bakin rafi, a fitar da shanu kafin damina. Halliru ya san wannan muryar tun a ofis. In aka yi magana da ita, ba shawara ake nema ba, an riga an gama.

Amma ga Baffa Ilu, yayan mahaifinsa, zaune kan buzu, ga sauran dattawa. Ina zai iya yi musu magana haka? Sai ya durƙusa. Bai rage ko kalma ɗaya ba, sai dai ya ja maganar a hankali, ya tausasa ta kamar mai neman alfarma.

"Roƙonmu yake yi ke nan?" in ji Baffa Ilu.

Halliru ya sunkuyar da kai. "Abin da ya faɗa na faɗa, Baffa."

"To, mutum ya taso tun daga Ƙaraye ya roƙe mu, ma hana shi? A ara masa damina ɗaya."

Ba wanda ya kai kuka wurin hakimi. Kafin kaka an kewaye wurin da waya, ya zama gonar wani babba. Shanu suka rasa ciyawa, ruga ta shirya ƙaura zuwa kudu.

Ranar tashi Halliru ya zo taya ɗaurin kaya. Baffa Ilu ya karɓe igiyar daga hannunsa.

"Da ka yi mana magana yadda kantoma ya yi ta, ɗan nan, da mun tashi tsaye tun shanu na ciki. Amma ka zo ka yi mana ladabi."

A ofis kuwa yabo ya sha. Duk kantoman da ya zo, duk ciyaman, in akwai magana mai ɗaci, shi ake nema. Shekara goma sha ɗaya yana wannan aikin. Daga kudu ba a taɓa aiko masa da ko gaisuwa ba. Rasuwar Baffa Ilu ma a kasuwar Ƙaraye ya ji ta, a bakin wani dillalin shanu, wata huɗu bayan an binne shi.