Tsumulmula da Doguwa

A ofis Tsumulmula ake kiransa, ba kuma don rowar abin hannu ba. Aikinsa rubuta kanel, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da mitocin ruwa da kamfaninsu ke ƙerawa. A cikin kanel akwai ɗan wurin ajiya na wucin gadi da ake kira sitak, bai fi aljihun riga ba. Ka ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa, sai ya malala ya ɓata na kusa da shi, na'ura ta sume. A gadin wannan aljihu ya yi furfura. Ko ɗan abu kaɗan ka ajiye, sai ya leƙo ta saman tabarau ya ce, "Wa ya ba ka wurin?"

Duk wanda aiki ya cije masa, kujera yake ja zuwa teburinsa. Yana tsaki, amma yana jin daɗi.

Sai aka ɗauki wata sabuwar ma'aikaciya, Doguwa, sa'ar 'yarsa ta fari. Ba ta daɗe da zuwa ba mitoci suka fara mutuwa a gidajen mutane. Ya yi neman duniya bai gano dalili ba. Ita ta gano. Wani tsohon rubutunsa ne ya keɓe wuri mai yawa a sitak, ga shi yanzu sababbin ayyuka na cinye rabin wurin kafin a iso kansa. Ta kwashe ajiyar ta mayar babbar ma'ajiya, ba ta gaya wa kowa rubutun wane ne ba. Manaja ya yabe ta a taro har da tafi.

Daga ranar kujeru suka koma teburinta. Ƙarar jan su kaɗai tana hana shi shan shayi.

"Maigida, yarinyar nan fa asirinka ta rufa," in ji matarsa da ya ba ta labari a gida, tana ninke masa riguna.

"Wa ya roƙe ta?"

Ya daina fita cin abincin rana. Ya zauna yana tsefe rubutun Doguwa layi layi, har idonsa ya yi ja. Can dai ya kama ta: ita ma ta cusa wa sitak kaya a wani lungu. Ya gyara wuyan riga, ya taka a hankali har gabanta, ya nuna da yatsa.

Ta duba allo, ta dafe kai, ta yi dariya. "Kai, Kawu! Wallahi da na kashe mu. Ku zo ku ga abin da Kawu ya tono!"

Aka taru ana jinjina masa. Shi kuwa fuskarta yake kallo, yana jiran ta ɗan canza ko da kaɗan. Ba ta canza ba, har tambayarsa take yadda ya yi ya gano.

Ya koma kujerarsa ransa a jagule, ya buɗe wani rubutun nata daga farko.