Empin da Na Bi Garke da Shi

Abubuwa da yawa sun faru da ni na manta su sarai, amma yinin da na yi ina zaɓen empi, da washegarinsa da na bi garken shanu a kan acaɓa, ba na jin za su fita daga raina muddin ina numfashi. Empi kuwa, ga wanda bai sani ba, shi ne ɗan akwatin nan da ake saka wa memori, ya riƙa yi wa mutum waƙa ko karatu duk inda yake.

Ni haifaffen Badafi ne. Bayan an haife ni mahaifiyata ta kwanta jinya har nononta ya ƙafe, sai wata Bafulatana da rugarsu ke bayan gonarmu ta haɗa ni da jaririnta ta shayar da mu tare. Da na yi baki Inna nake ce mata, har yau kuwa ban taɓa kiran ta da wani suna ba. Ɗan nata ya zama ɗan'uwana na shayarwa kuma aminina. Shi yana ce mini Kaɗo, ni ina ce masa Ɗan Fillo. Da muka girma na koma Kiru na buɗe shagon ɗinki, shi kuma ya ci gaba da kiwon shanun gidansu.

Wata rana da hantsi, a farkon bazara, ina kan keken ɗinki sai ga shi ya yi sallama. Ya ƙi zama. Ya tsaya a bakin ƙofa yana juya sandarsa.

"Kaɗo, jibi za mu tashi."

"Ku tashi zuwa ina? Mashekarin da kuka saba kai shanu?"

"A'a, wannan ba irin tafiyar da ka sani ba ce. Kudu za mu yi, can gaba da Doguwa. Wurin kiwo ya ƙare mana a nan, ko'ina lambu ne. Ban san ranar dawowa ba."

"Inna fa?"

Ya ce ƙafafunta ba za su iya tafiyar ba. Za ta zauna wurin ƙanwarsa da ke aure a Badafi. Ya ce in riƙa leƙa ta. Daga haka ya juya ya tafi, ko ruwa bai sha ba.

Tun daga lokacin na rasa sukuni. Na ɗinka hannun riga a baibai na farke, na sake ɗinkawa na sake farkewa. Abin da ke cin raina shi ne me zan ba shi. Riga na sha ɗinka masa. Waya yana da 'yar ƙarama, kuma ya riga ya faɗa mini inda za su ba a samun sabis sai an hau dutse. Can na tuna duk sanda ya zo shagona, ba abin da yake so kamar ya zauna kusa da rediyona ya lumshe ido. Mutum ne mai son sauraro. Nan take na ce empi zan saya masa.

Washegari na rufe shago na nufi wurin wani mai sayar da kayan waya a bakin titi, ina zaton abin minti kaɗan ne. Ashe yinin zan yi.

Ya fara ɗauko mini wani ɗan mitsitsi kamar kwalin ashana, mai ɗan gilashi yana walƙiya, da wayoyin toshe kunne. Ya burge ni ƙwarai, har na sa hannu a aljihu. Sai na hango aminina a tsakiyar daji kunnuwansa a toshe, saniya ta ɓalle bai ji ba, ko wani abu ya taho ta bayansa. Makiyayi da kunne yake kiwo. Na ajiye.

"To ga mai lasifika, Malam, har da tocila," in ji mai shagon.

Wannan kam yana da murya, sai dai batirinsa a manne yake a ciki, in ya mutu shi ke nan, kuma sai da wutar lantarki ake yi masa caji. Wace wuta a ruga? Ya kawo wani mai maɓallai birjik, kowanne da rubutun boko, alhali aminina ajami kaɗai yake karantawa. Ya kawo wani ƙato mai kyau, na ɗaga na ji nauyinsa, na ce wanda zai yini a ƙafa ba zai rataya wannan ba. Na fita na je shagon gaba, na dawo, na sake fita. Har na sayi wani baƙi na kai bakin tasha, zuciyata ta ƙi kwanciya, na komo na ce a karɓa.

Mai shagon, Allah ya saka masa, mutum ne mai haƙuri, amma a nan sai da ya dafe kai.

"Malam, don Allah wa za ka saya wa abin nan? Amarya ce?"

Na ba shi labari. Sai ya durƙusa ya zaro wani daga ƙasan kanta, ruwan toka, ba shi da wani kyan gani. Maɓallansa kaɗan ne kuma manya. Batirinsa irin na ƙananan wayoyi ne, ana cirewa a sa wani, a bayansa kuma akwai ɗan faranti mai jan caji daga rana. Na jujjuya shi na ce, "Anya kuwa? Wannan ai kamar sabulun wanki." Ashe ya riga ya danna wani jan maɓalli, sai ya danna wani kore. Sai na ji wata murya ta fito daga cikinsa tana cewa, "Anya kuwa? Wannan ai kamar sabulun wanki."

Na zabura. Muryata ce.

"Yana ɗaukar magana ke nan?"

"Ƙwarai kuwa. Ka danna ja ka yi magana, ka danna kore ka ji."

A tsaye nake amma sai da na nemi benci na zauna, domin a take Inna ta faɗo mini a rai. Na ce a zuba mini karatun Alƙur'ani a memorin, da waƙoƙin Fulani da na Hausa irin waɗanda yake so, a kuma bar mini fili da yawa. Ban jira an gama nannaɗe shi a leda ba na tare ɗan acaɓa, sai Badafi.

Na tarar da Inna a gidan ƙanwar tasa, an riga an kawo kayanta. Tana zaune a inuwa ta miƙe ƙafafu, ƙwaryarta a gefe ba komai a ciki. Na durƙusa na gaishe ta, na yi mata bayani, na nuna mata jan maɓallin. Ta kau da kai.

"A'a, ɗana. Wanda ya mutu shi ake jin muryarsa ba a ganin sa. Ni da raina za ka sa ni a akwati?"

Na yi lallashi, na ce ai ko malamai ana ɗaukar karatunsu suna raye. Ta ce ita ba malama ba ce. Na ce to ta yi masa waƙar tatsar nan da take yi muna yara. Ta ce waƙar tatsa ba a yin ta sai a gindin saniya. La'asar ta yi, rana ta fara sanyi, ni kuwa kamar in yi kuka. Na ɗaga empin na ajiye, na tashi na zagaya tsakar gida na dawo. Daga ƙarshe na ce, "Inna, inda za shi ba mai yi masa faɗa. Matarsa tsoronsa take ji."

Ta dube ni da sauri. "Haka ne kuwa. Miƙo abin."

Ta riƙe shi da hannu biyu kamar ƙwaryar fura, ta fara magana da Fulatanci. Ni Fulatancina bai wuce na gaisuwa da cinikin nono ba, don haka kaɗan na tsinta. Da farko muryarta a sama take, da gani faɗa ne. Sannu a hankali ta yi ƙasa. Can sai na ji ta shiga waƙar da ta ce ba za ta yi ba. Ƙanwar tasa da ke daka ta ajiye taɓarya ta shige ɗaki.

Niyyata in kai masa da sassafe kafin su ɗaga. Da gari ya waye na isa rugar, sai turaku da toka mai ɗumi. Wani manomi da ke kusa ya ce ai tun bayan sallar asuba suka kora, don su ci tafiya kafin rana ta yi zafi. Na kira wayarsa, ba ta shiga.

Ɗan acaɓan da ya kawo ni ya ce, "Hau, Malam. Shanu ba su da taya."

Muka nufi wajen Tiga, domin na yi zaton a can za su shayar. Muka tarar da masunta suna gyaran koma, suka ce garke ya wuce, amma ba su san ko wanda muke nema ba ne. Muka bi sawu, ya kai mu wurin wasu Fulani daban da ban taɓa gani ba. Muka juyo. Tayar baya ta yi faci, muka tura babur a rana har muka sami mai faci a wani ƙauye. Yana aikinsa ina safa da marwa, hannuna a kan aljihu, ina taɓa empin kamar zai gudu. Duk wanda ya gifta sai na tare shi: "Don Allah ba ka ga garke da jakuna ɗauke da kaya ba, da wani dogo mai malafa?" Wani ya ce gabas, wani ya ce kudu. Yanzu in na tuna sai in yi dariya, domin rabin Fulanin ƙasar nan dogaye ne masu malafa.

Sai bayan azahar, a wani fili kafin Tudun Wada, na hango su sun yada zango a gindin wasu ɗorawa. Tun daga nesa na gane tsayuwarsa, ƙafa ɗaya a kan ɗaya, sanda a kafaɗa.

"Kaɗo! Lafiya? Inna ce?"

"Lafiyarta ƙalau. Ka tafi ba sallama, Ɗan Fillo."

"Sallamar ce ba zan iya ba."

Na zaro empin na miƙa masa. Ya jujjuya shi ya ce me zai yi da sabulu. Na ce ya danna koren. Da muryar Inna ta fito sai da ya waiga bayansa. Ya saurara kaɗan, sai ya fashe da dariya, ya ce tana cewa ya daina kwana da jiƙaƙƙiyar riga, kuma in ya kuskura ya sayar da karsana don ya sayi babur ba ta yafe ba. Yana cikin dariyar muryarta ta yi ƙasa. Ya daina fassara mini. Ya tsuguna, ya ja malafa ya rufe fuskarsa. Da aka kai kan waƙar, matarsa da 'ya'yansa suka matso suka kewaye shi. Ni ma na juya ina kallon shanu.

Na koya masa ja da kore, da yadda zai shanya shi a rana ya yi caji. Muka yi sallamar da ya guje wa, na hau acaɓa na dawo.

Bayan damina ta wuce, wani mai fataucin shanu ya zo shagona da ɗan ƙullin tsumma, ya ce saƙo ne daga kudu. Na kwance, sai ga memori. Na koma wurin mai shagon nan na sayi irin empin sak, wannan karon ko zama ban yi ba, na kai wa Inna.

Gaisuwa ce a farko, shi da matarsa da yara ɗaya bayan ɗaya. Daga nan sai ya shiga cikin garke da empinsa da safe lokacin tatsa, ya bar shi yana ɗauka. Ba ka jin komai sai kukan shanu da na maruƙa da ƙarar nono a ƙwarya. Inna ta kara shi a kunne, tana murmushi, tana kiran sunan kowace saniya da ta yi kuka. Da ya ƙare ta ce in mayar. Na mayar. Ta sake saurara har ƙarshe, sai murmushin ya ɗauke.

"Ban ji jar nan mai karyayyen ƙaho ba," in ji ta. "Ko ta mutu, ko ya sayar. Danna mini jan, ɗana. Ina da magana da shi."

Haka memori ya riƙa kai da komo tsakanin Badafi da kudu a aljihun fatake har ƙarshen rayuwar Inna, Allah ya jiƙanta. Abin da wannan ya koya mini shi ne, in za ka yi wa mutum kyauta, kada ka tsaya kan abin da ya burge idonka a kanta. Ka bi shi da zuciyarka zuwa inda za shi, ka ga ranar da za ta dake shi da kaɗaicin da zai same shi, sannan ka tambayi kanka me zai fi kewa a can.